Kula da Fatar Jiki a Lokacin Tsufa

Daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa cikin Fabrairu, duk wanda ya yi sammako a unguwar Gwallaga da ke cikin garin Bauci zai ga dattawa suna tafiya masallaci sallar asuba a dunƙule cikin barguna da manyan riguna, hazo ya rufe gari, iska tana kaɗawa mai sanyi da ƙura. Idan gari ya waye aka dubi hannuwansu da ƙafafunsu, sai a ga sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka, dunduniya ta tsattsage da faso, ƙwauri kuwa duk sawun susa ne. A cikin gidaje ma haka tsofaffin mata suke, suna zaune bakin murhu suna sosa jiki. Jama'a sun saba da ganin wannan har sun ɗauke shi abin da ba makawa. In an yi magana sai a ce, ai tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani.

Gaskiya ne tsufa ba shi da magani, domin ba cuta ba ne. Amma bushewar fata da faso da ƙaiƙayi da gyambo duk suna da magani, kuma mafi yawansa yana cikin gida, ba ya cin kuɗi mai yawa. An shirya wannan bayani domin tsofaffi su kansu, da kuma 'ya'ya da jikoki da surukai waɗanda nauyin kula da su ke wuyansu. An ɗauki Gwallaga misali ne, amma abin da aka faɗa ya shafi Sakkwato da Maiduguri da kowane gari inda hunturu ke sauka.

Abin da shekaru ke yi wa fata

Fata ita ce rigar da ɗan Adam ba ya tuɓewa. A jikin babban mutum, da za a shimfiɗa ta, faɗinta zai kusa murabba'in mita 2. Ita ke tsare ruwan jiki kada ya ƙafe, ita ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ita ke sanyaya jiki ta hanyar gumi, kuma ita ce ke sanar da mutum zafi da sanyi da sukar ƙaya. Hawa uku gare ta. Na sama siriri ne, kullum yana saɓulewa a hankali ana sabunta shi daga ƙasa. Na tsakiya shi ne mai ƙarfin, a cikinsa jijiyoyin jini da jijiyoyin ji suke, da 'yan jakunkunan da ke fitar da gumi da maiƙo, da wasu zaruruwa masu tauri da likitoci ke kira kolajin. Na ƙasa kuwa kitse ne, wanda ke zaman katifa tsakanin fata da ƙashi.

Duk hawa ukun nan shekaru suna taɓa su. A jikin saurayi fatar sama takan sabunta cikin kamar mako 4, amma a jikin tsoho sai ta ɗauki mako 6 ko fiye, shi ya sa rauninsa ke jinkirin warkewa. Kolajin yana raguwa da kamar kashi 1 cikin 100 kowace shekara tun daga lokacin da mutum ya gama girma. Ga mata raguwar takan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada, har a rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko. Daga nan ne tamoji da sakin fata suke fitowa. Maiƙo yana raguwa, gumi yana raguwa, kitsen bayan hannu da na tafin ƙafa yana zaizayewa, jijiyoyin jini suna yin gautsi har ɗan bugu kaɗan ya tara jini. Mafi muhimmanci kuma, jijiyoyin ji suna dusashewa.

Baƙar fata tana da wata falala a nan. Launin da ke cikinta yana tare wani kaso na hasken rana mai lahani, saboda haka tamoji yakan jinkirta wa baƙin mutum fiye da Bature. Sai dai akwai wahalar da ta keɓanta da ita. Duk inda aka ji ciwo ko aka sosa, tabo baƙi yakan zauna ya daɗe. Sa'an nan jan da fata ke yi in ta fara ɓaci, wanda ke fitowa sarai a jikin farin mutum, ba ya nunawa sosai a jikin baƙi. Wannan ya sa akan makara wajen gane ciwo.

Hunturu da wanka da mai

Iskar hunturu tana tasowa ne daga hamada ta arewa maso gabas, kuma ƙura mai yawa da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take fitowa. A tsakiyar hunturu laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Irin wannan iska tana zuƙe ruwa daga duk abin da ta taɓa: wanki ya bushe nan da nan, ƙofar katako ta tsage, leɓe ya fashe. Fatar yaro tana da maiƙon da za ta kare kanta da shi, ta tsoho kuwa ba ta da isasshe. Majema da dukawa sun fi kowa sanin wannan sha'ani. Fatar da aka jeme aka ba ta mai takan yi laushi ta daɗe, wadda aka bari a rana ba mai kuwa sai ta ƙandare, in an lanƙwasa ta ta tsage.

Abin mamaki shi ne, sau da yawa wanka ne ke ƙara wa tsoho wahala, ba rashinsa ba. Saboda sanyi, akan tafasa masa ruwa mai zafi ƙwarai, a ba shi soso mai kaushi da sabulu mai ƙarfi, ya yi ta dirzar jiki har fata ta yi ƙara. Shi a ganinsa ya fita tas. Alhali ruwan zafi da sabulu sun wanke ɗan maiƙon da ya rage, soso kuma ya kankare fatar sama wadda dama siririya ce. Da ya fito iska ta buge shi sai ƙaiƙayi ya tashi. Yana sosawa yana zaton dauɗa ce, gobe ya ƙara zafin ruwa ya ƙara dirza. Haka abin zai yi ta tafiya har damina ta sauka.

Wanka sau ɗaya a rana ya ishi tsoho da hunturu. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, kuma kada wankan ya wuce minti 10. Sabulu ya zama mai sauƙi, marar yawan turare. Sabulun soda da garin sabulun wanki an yi su ne domin tufafi da kwanuka, ba domin jikin mutum ba. Haka nan ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗigawa cikin bokiti kullum ba shi da amfani ga lafiyayyar fata, sai ma ya ƙara busar da ita. Ba lalle ba ne a sa sabulu ko'ina a jiki kowace rana. Hammata da matse-matsi da ƙarƙashin nono da ƙafafu su ne ke bukatarsa, ƙwauri da damtse da baya kuwa ruwa kaɗai yakan wadatar. Tsumma mai laushi ko tafin hannu ya fi soso. In an gama a tsane jiki da tawul a hankali, ba a goge da ƙarfi ba.

Sa'an nan a shafa mai nan take, tun jiki yana da sauran danshi, kafin a fita cikin iska. A nan mutane da yawa ke kuskure. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa shi ne ya rufe ruwan da ke ciki kada ya gudu, kamar yadda faifai ke rufe ƙwarya. Wanda ya bari jikinsa ya bushe ƙayau, ya zauna ya sha koko, daga baya ya shafa mai, ya rufe ƙwaryar da ba kome a cikinta. Man kaɗanya tsantsa da farin basilin marar turare sun isa, kuma a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba a rasa su. Ba su gaza mayukan kanti masu tsada ba wajen wannan aiki, sun ma fi da yawa daga cikinsu, domin man da ya cika ruwa-ruwa da ƙamshi yakan bushe da wuri, wani kuma ya jawo ƙuraje. Da hunturu a shafa sau 2, safe da dare, a ba ƙwauri da gwiwar hannu da dunduniya da leɓe rabo mai yawa. Baya kuwa hannun tsoho ba ya kaiwa, tilas wani ya shafa masa. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne santsi: a zauna bisa kujera a shafa, kuma kada a taka siminti ko tayil da tafin ƙafa mai maiƙo, domin faɗuwa ɗaya takan karya wa tsoho ƙashin kwatangwalo.

Alwala ma tana da nata lissafin. Mai salla yana wanke fuska da hannuwa da ƙafafu sau da yawa a yini, kuma duk wankewa da hunturu bushewa ce ke biye da ita. Saboda haka ya kyautu tsoho ya ajiye ɗan gwangwanin mai kusa da butarsa, ya riƙa murza kaɗan a hannu da dunduniya bayan ya idar da alwala, musamman ta asuba da ta lisha. Tsakanin yatsun ƙafa kuwa akasin haka ake so: a tsane shi sosai, kada a sa masa mai, domin danshin da ke maƙalewa a wurin shi ke kawo cin ruwa. Wanda ke da rauni ɗaure da bandeji kada ya kwance shi ya jiƙa don tsoron alwalarsa ba ta yi ba. Littattafan fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri da kuma taimama ga marar lafiya, kowane limami zai iya warware masa.

Faso ba abin rainawa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙwayoyin cuta suke da tsagar dunduniya. Maganinsa shi ne a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi kamar minti 10 da dare, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a cika wurin da basilin, a sa safa ta auduga a kwana da ita. Kada a yanke kaushi da reza. Takalmi mai rufe dunduniya ya fi silifas da hunturu.

Tufafin da ke taɓa jiki ya zama na auduga, rigar sanyi ta ulu ta hau bisa, kuma a ɗauraye wanki sosai har kumfa ya fita. Turare a tufafi ake sa shi, ba a fata ba. Game da abinci, fata tana gina kanta ne da irin su wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi da nama, tana kuma bukatar lemo da gwaiba da tumatir da zogale da garin 'ya'yan kuka domin rauni ya haɗe da wuri. Tsohon da haƙoransa suka zube aka bar shi da koko da kunu kaɗai, jikinsa zai nuna. Ƙishirwa ma tana raguwa da tsufa, don haka a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, da azumi kuma ya sha isasshe tsakanin buɗa-baki da sahur. Taba tana tsufar da fata tun kafin lokacinta, tana kuma hana rauni warkewa.

Ƙaiƙayin da ba na bushewa ba

Idan an yi mako 2 ko 3 ana bin wannan tsari ƙaiƙayi bai lafa ba, to a nemi dalilinsa a wani wuri. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, da 'yan ƙuraje a tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu da ƙugu, kuma akwai wasu a gidan da ke susa, galibi ƙazuwa ce. Tana da magani, amma sai an yi wa mutanen gida duka a lokaci guda, an kuma wanke shimfiɗu da tufafi an shanya a rana, in ba haka ba jika ya warke ya sake ɗauka daga kaka. Ƙaiƙayin dukan jiki wanda ba ƙurji ko ɗaya kuwa yakan zama alamar ciwon ƙoda, ko na hanta, ko ciwon sukari, ko ƙarancin jini, ko kuma wani magani da ake sha ne bai karɓi mutum ba. Wannan sai an auna jini da fitsari.

Akwai haɗari cikin sayen ƙwayar ƙaiƙayi a kemis a ba tsoho ba da izinin likita ba. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi suna sa barci da jiri, ga mai yawan shekaru har da ruɗewa da riƙewar fitsari, ya tashi da dare ya faɗi.

Jiki magayi

Hausawa na cewa jiki magayi, watau jiki ne ke gaya wa mai shi abin da ya same shi. To, a lokacin tsufa wannan magayi muryarsa takan yi ƙasa. Tsoho zai iya zama kusa da kaskon wuta yana jin ɗumi, ƙwaurinsa yana gasuwa bai sani ba sai ya ga bororo. Zai iya tsoma ƙafa cikin ruwan da zai sa yaro ihu, shi bai ji kome ba. Saboda haka wajibi ne mai haɗa ruwan wanka ya gwada shi da gwiwar hannunsa tukuna. Kaskon wuta ya yi nesa da shimfiɗa da bakin zane, kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da wari ba. In ƙuna ta auku, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Ƙwai da gishiri da man goge baki da baƙin mai da toka, waɗanda aka saba shafawa, ba abin da suke ƙarawa sai ƙazanta da wahalar wanke ciwon.

Wannan dusashewar ji ta fi tsanani ga mai ciwon sukari, domin ciwon yana lalata jijiyoyin ƙafa yana kuma rage gudun jini zuwa gare ta. A ce ga wani dattijo mai ciwon sukari ya tafi sallar Juma'a da bazara, masallaci ya cika, ya tuɓe takalmi ya tsaya a waje bisa kwalta mai zafi. Tafin ƙafarsa ya tashi bai ji ba. Kwana 3 yana takawa a kai, sai wari ya sa iyali suka duba. Ta irin wannan ƙaramar hanya, ko ta ƙusa a takalmi, ko ta yankan farce da ya zarce, mutane da yawa suka rasa ƙafa. Ka'idar mai ciwon sukari ita ce a duba ƙafafunsa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, a wurin da ke da haske. In idonsa ko bayansa ba su bari ya ga tafin ƙafarsa, jika ya duba masa. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya tafi masallaci da safa da darduma. A yanke masa farce a miƙe, da abin yankan da yake nasa shi kaɗai, ba da almakashin masu yawo da ke bin kowa ba. Shi kam kada ya jiƙa ƙafa ya goge kaushi da kansa, aikin ma'aikacin lafiya ne. Kowane rauni a ƙafarsa, kome ƙanƙantarsa, na asibiti ne a ranar da aka gan shi.

Tsohon da ke kwance

Wanda shanyewar ɓarin jiki ko karaya ko nauyin shekaru ya kwantar, fatarsa tana cikin haɗarin da ya fi duka. In nauyin jiki ya danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ba ya isa wurin, cikin 'yan sa'o'i naman ya fara mutuwa tun daga ciki. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙarshen gadon baya, da kwatangwalo, da dunduniya, da idon sawu, da kafaɗa, da ƙeya. Gyambon kwanciya yana da saurin samuwa da wuyar warkewa, yakan zurfafa har ƙashi, kuma yakan zama ajalin majinyacin da ciwonsa na asali bai kai ga kisa ba.

Hana shi aiki ne na haƙuri. A juya majinyaci kowane awa 2, daga dama zuwa rigingine zuwa hagu, dare da rana. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka ya kamata iyali su raba lokutan a tsakaninsu. Abin takaici ne a ga gida cike da 'ya'ya maza da mata an bar wa suruka ɗaya ko jika ɗaya dukan jinya. In za a gyara masa kwanciya a ɗaga shi, kada a ja shi bisa tabarma, domin fatarsa takan saɓule kamar jiƙaƙƙiyar takarda. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa domin dunduniya ta zauna a sama ba ta taɓa kome ba. Zanen gado ya zama busasshe, miƙaƙƙe, ba ɓurɓushin abinci. In ana shimfiɗa leda saboda fitsari, lalle a ɗora zane mai kauri a kanta, kuma da ya jiƙe a sauya, a wanke jiki, a tsane, a shafa basilin domin fitsari kada ya ci fata.

Kowane juyi lokacin dubawa ne. Tun da ja ba ya fitowa a baƙar fata, abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yake ƙyalli, ko in an taɓa a ji ya fi zafi, ko ya yi tauri ko laushi daban. In an ga haka kada a murza wurin, kada a gasa shi, a ɗauke masa nauyi gaba ɗaya a sanar da ma'aikacin lafiya. Wanda ke iya zama kuma a riƙa fito da shi ya sha hantsi na ɗan lokaci, domin hasken rana yana taimakon ƙashi.

Man sauya launi

Tsufa yakan zo da ɗige-ɗige da duhu a kumatu da goshi, wannan ya sa wasu mata masu manyan shekaru suke komawa ga mayukan haske da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba ba suna. Abubuwa uku aka fi samu cikin irin waɗannan mayuka. Akwai haidurokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa sai ya juya ya bar baƙi mai kauri a fuska wanda da wuya ya fita. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan tun 1975. Akwai zaiba, wadda ke ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi. Akwai kuma sitiroyid, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya hana rauni haɗewa, in ya yi yawa ya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Fatar da shekaru suka riga suka sirantar ba ta da abin da za ta bayar kuma. Yarinyar da ta fara shafawa tana da shekara 20 kuwa tana jawo wa fatarta tsufa tun kafin ta yi furfura. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana sa zaiba da sitiroyid cikin man kwalliya, a 2023 kuma ta bayyana shafe-shafen nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Haka nan baƙin rinin da ake kira dayis, wanda ake rina furfura da shi ko a haɗa da lalle, yakan sa wa wasu kumburi da ƙuraje masu ruwa. Wanda ya taɓa yi masa haka kada ya sake kusantarsa.

Abin da ba a jira da shi

'Yan ƙananan tsiro baƙaƙe da ke fitowa a kumatu da wuya da gefen ido, waɗanda ke yawaita da shekaru kuma ake gadonsu, ba su da lahani, kada a tsinke su ko a ƙona su da kanwa. Amma akwai alamomin da ba a zama da su a gida. Na farko shi ne raunin da ya wuce wata guda bai warke ba, ko tsohon gyambo ko tabon ƙuna na shekaru da ya fara tsiro, ko zubar da jini, ko bakinsa ya yi tudu, domin irin wannan yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Na biyu shi ne baƙin tabo sabo a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wanda ke faɗaɗa ko gefensa ba daidai ba. A waɗannan wurare ne mugun dajin fata ya fi kama baƙin mutum. Shi ne ya kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1981, ya kuwa fara masa ne ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa. Zabiya kuma, da yake fatarsa ba ta da abin tare rana, yana bukatar malafa da riga mai dogon hannu da man kare rana tun yana yaro, da kuma likita ya riƙa duba fatarsa a kai a kai.

Sai kuma ƙuraje masu ruwa da zafi kamar wuta waɗanda ke fitowa a jere a gefe ɗaya na ƙirji ko ciki ko fuska, ba su ƙetare tsakiyar jiki. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro, ta kwanta cikin jijiya, ta farka da ƙarfin jiki ya ragu. Ba jifa ba ne, ba kuma sammu ba. Maganinta ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen, in kuwa kusa da ido suke, jinkiri yana iya jawo makanta. Haka kuma ƙafar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, a ranar ake kai ta asibiti.

Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa shi da auduga ba a ji, yana iya zama farkon kuturta. Kunya ce ke sa a ɓoye shi har yatsu su lalace, alhali cutar tana warkewa sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magungunanta a 1981, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su, ana sha wata 6 ko wata 12 gwargwadon irin cutar. A Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar tarayya da ke horar da ma'aikata a kan tarin fuka da kuturta, kuma kowace jiha tana da jami'an wannan aiki.

Matakin farko ga duk waɗannan shi ne asibitin unguwa mafi kusa, daga nan a tura mutum gaba in da bukata. Mutanen Gwallaga da sauran unguwannin Bauci suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari domin ciwon da ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci. Mai raka tsoho ya tafi da duk magungunan da yake sha da duk man da yake shafawa, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a cikin kwalayensu, ya kuma iya faɗin ranar da aka fara ganin abin da yadda ya sauya tun daga lokacin.